Teburin Alƙalami, Aikin Kwamfuta: Batun Ƙara wa Tsohon Tebur Durowar Madannai a Ƙasar Filinge

Kwamfuta ta shigo ofisoshinmu, amma teburin da aka ɗora ta a kai ya girme ta nesa ba kusa ba. Mafi yawan teburan da ke ma'aikatun magajin gari, da ofisoshin shugabannin makarantu, da ɗakunan shan magani, an ƙera su ne domin alƙalami da rajista da hatimi. Tsawonsu daga ƙasa kan kai santimita 75, wani lokaci har ya zarce, kuma wannan tsawo ya dace da mai rubutu da hannu, domin yana jingina hannunsa a kan tebur yana duban takarda kusa da idonsa. Mai buga madannai kuwa jikinsa na neman wani abu daban. Daga nan matsalar take farawa, kuma da wuya ka ji an kawo ta a taron kasafin kuɗi.

Tun da aka yi zaɓen ƙananan hukumomi a Nijar a 2004, aikin takarda ya sauko daga manyan garuruwa zuwa karkara. A gundumar Filinge akwai ƙananan hukumomi huɗu: Filinge kanta, da Imanan mai cibiya a Bonkuku, da Kurfai ta Tsakiya mai cibiya a Shikal, da Tondikandiya mai cibiya a Damana. Tondikandiya kaɗai ta haura mutum 100,000 a ƙidayar 2012. Kowane jariri da aka haifa cikin wannan jama'a yana bukatar takardar haihuwa, kowane ɗalibi yana bukatar sunansa ya shiga jerin masu jarrabawa, kowace cibiyar lafiya tana da rahoton wata da za ta aika. Dokar rajistar al'umma ta 2019 ta buɗe hanyar mayar da wannan aiki cikin na'ura, ma'aikatar lafiya kuma tun wajejen 2017 take tattara alƙalumanta ta manhajar DHIS2. Ga kuma mutanen da rashin tsaro ya raba da garuruwansu a arewacin jihar Tilaberi, da yawansu sun baro takardunsu a baya, sai an sake yi musu. Duk wannan yana ƙarewa ne a kan yatsun wani magatakarda ko wata sakatariya da ke zaune tun safe har la'asar.

Masu kawo na'ura, gwamnati ce ko ƙungiyoyin agaji, sukan lissafa kwamfuta da injin buga takarda da faifan hasken rana da batir. Kujera da tebur sai a ce ai akwai su. Ni a ganina wannan giɓi ne babba, domin na'ura idan ta lalace ana sayo wata, amma kafaɗar ma'aikaci da tsintsiyar hannunsa ba su da kasuwa.

Abin da ke faruwa a jiki ba shi da wuyar ganewa. Mutum matsakaici idan ya zauna a kujera mai tsawon santimita 45, ya saki kafaɗunsa, gwiwar hannunsa tana tsayawa tsakanin santimita 65 zuwa 70 daga ƙasa. Allon madannai yana da kaurin santimita 2 zuwa 3, saboda haka idan aka ɗora shi a kan tebur mai 75, yatsu suna aiki a wajejen 78. Wato hannu ya hau sama da inda ya kamata da kusan santimita 10. Jiki ba ya ƙin aiki, sai dai ya nemi dabara: ko a ɗage kafaɗu, ko a buɗe hammata a ware hannuwa, ko a dasa tsintsiyar hannu a kan kaifin bakin tebur a lanƙwasa ta. Minti goma a haka ba komai ba ne. Wuni guda kuwa, kwana biyar a mako, shekara da shekaru, shi ne ke haifar da ciwon wuya da nauyin kafaɗa da zugin da ke sauka har yatsu. Mu kuma a nan da an ji irin wannan sai a ce sanyi ne ya kama mutum, a shafa man zafi, a sayi ƙwaya wajen mai talla, gobe a koma kan teburin nan dai.

Ba yau aka fara lura da wannan ba. Wani likita ɗan Italiya mai suna Bernardino Ramazzini ya wallafa littafi kan cututtukan masu sana'a a 1700, a bugun 1713 kuma ya ƙara babi a kan marubuta da magatakarda, inda ya danganta ciwonsu da dogon zama da maimaita motsi ɗaya na hannu. Da keken rubutu ya bazu a ofisoshi bayan kamfanin Remington ya fara sayar da shi a 1874, masu ƙera kayan ofis sun gane cewa yana bukatar wurin zama mai ƙasa da na alƙalami, shi ya sa tsofaffin teburan sakatarori suke da wani reshe a gefe wanda bai kai sauran tsawo ba. A 1990 ƙungiyar ƙasashen Turai ta kafa doka a kan aiki da allon kwamfuta, ta ce madannai su kasance a rabe da allo, kuma a bar fili a gabansu inda hannu zai huta. Binciken da ya fi jan hankalina shi ne wanda Fredric Gerr da Michele Marcus da abokan aikinsu suka wallafa a 2002, bayan sun bi sababbin ma'aikata 632 a birnin Atlanta na Amurka. Fiye da rabinsu sun koka da ciwon wuya ko kafaɗa ko hannu tun cikin shekarar farko. Waɗanda madannansu ke ƙasa da gwiwar hannu kaɗan sun fi samun sauƙin wuya da kafaɗa, waɗanda kuma harafin J na madannansu ya ja baya daga bakin tebur da fiye da santimita 12 sun fi samun sauƙin hannu. Masana ba su gama daidaita baki a kan ko buga madannai shi kaɗai yana haddasa matsewar jijiyar tsintsiyar hannu ba, kuma bai kamata a tsorata mutane da abin da ba a tabbatar ba. Amma batun gajiyar wuya da kafaɗa saboda tsawon tebur, wannan kam kowa na iya gwadawa a jikinsa cikin wuni ɗaya.

To, mece ce mafita ga wanda ba shi da kuɗin sabon tebur? Wadda ta fi shahara ita ce a rataya wani faffaɗan katako a ƙarƙashin tebur, mai shiga da fita kamar durowa, a ɗora madannai da linzamin kwamfuta a kai. Ina goyon bayan wannan dabara, amma da sharaɗi, domin na fi ganin wadda aka yi ba daidai ba a kan wadda aka yi daidai. Kafin a kai ga zarto, akwai hanyoyi biyu da suka fi ta sauƙi, kuma ya kamata a fara duba su. Ta farko, a ɗaga kujera da matashi mai tauri ko a ƙara mata ƙafa, sannan a sa wa ƙafafun mutum matakin katako don kada su yi lilo. Ta biyu, idan teburin na kwamfuta ne kaɗai, a rage masa ƙafafu da santimita 6 ko 7, in dai cinya za ta sami wurin shiga ƙarƙashinsa. Inda waɗannan suka gaza shi ne inda tebur ɗaya yake aiki biyu, kuma haka abin yake a kusan kowane ofishin karkara: a kansa ake buɗe ƙatuwar rajista, a kansa ake sa hannu da buga hatimi, a kansa kuma ake shigar da bayanai cikin na'ura. A nan durowar madannai take nuna amfaninta na gaske. Saman tebur ya zama na rajista, tana buɗe a gaban mutum tsakaninsa da allo, ba a gefe ba inda sai ya murɗa wuya sau ɗari kafin azahar. Ni wannan ribar ta fi mini duk sauran.

Aikin yana farawa ne daga awon mutum. Tela ba ya yanka yadi sai ya auna mai riga, haka ya kamata kafinta ya yi. A zaunar da wanda zai yi aikin a kan kujerar da zai riƙa zama a kai, ba wata ba, tafin ƙafarsa a ƙasa, kafaɗunsa a sake. A auna daga ƙasa zuwa gwiwar hannunsa, a rubuta. A auna daga ƙasa zuwa saman cinyarsa, a rubuta. Tsakanin waɗannan lambobi biyu ne duk aikin zai shiga, kuma filin ba shi da yawa: a jikin mutane da dama bai wuce santimita 8 zuwa 10 ba. A cikinsa ake son kaurin katakon, da kaurin madannai, da ɗan sararin da cinya za ta motsa.

Sai a sunkuya a dubi ƙarƙashin tebur, domin a can ne yawancin aikin ke lalacewa. Kusan kowane teburin katako yana da ɗamara, wato katakon da ya zagaye ƙarƙashin samansa ya ɗaure ƙafafu huɗu, mai faɗin santimita 8 zuwa 10. Mu ɗauki tebur mai tsawon 75, kaurin samansa 2, ɗamararsa 9. Ƙasan ɗamarar yana kan 64. Idan kafinta ya ji tsoron taɓa ta ya rataya durowar a ƙarƙashinta, dole ya bar aƙalla santimita 5 don madannai da linzami su wuce, ga kaurin katako kusan 2, sai ƙasan durowar ya sauko 57. Cinyar mai zama a kujerar 45 tana kaiwa wajejen 59 ko 60. Ka ga ba ta shiga ke nan. Mutumin zai koma zama a karkace ko a nesa yana miƙa hannu, an kashe kuɗi an ƙara masa wahala. Amma idan aka yanke ɗamarar gaba aka rataya durowar daga saman teburin kai tsaye, ƙasan saman yana kan 73, a bar sarari 7, fuskar durowar ta zo 66, ƙasanta 64. Cinya ta sami wuri, yatsu kuma suna aiki a wajejen 68 ko 69, daidai da gwiwar hannu. Bambancin aikin kirki da na banza a nan bai wuce faɗin tafin hannu ba.

Yanke ɗamara kuwa ba abin wasa ba ne, ita ce ke hana ƙafafun tebur buɗewa da hana samansa lotsawa. Wanda ya yanke ta dole ya mayar da ƙarfin da ya cire. Ana iya barin guntayenta a kusurwoyi biyu, sannan a gicciya wani katako daga ɗamarar hagu zuwa ta dama a can ciki, bayan inda durowar za ta tsaya. Ana kuma iya ɗaura ƙarfe mai kusurwa siriri a ƙarƙashin bakin teburin, wanda ba zai ci wuri ba. Wanda ya yi sa'a teburinsa yana da durowa a tsakiya, aikinsa ya zo da sauƙi: a zare ta, a cire fuskarta ko a sa mata fata biyu ta riƙa kwantawa gaba, a ƙarfafa gindinta, shi ke nan. Teburan ƙarfe da masu walda ke yi, waɗanda suka yi yawa yanzu saboda tsadar katako da ɓarnar gara, su ma ba su da wuya, sai dai a cire saman katakon kafin a kunna wuta, kuma a fitar da na'ura daga ɗakin gaba ɗaya. Idan teburin na gwamnati ne, yana cikin lissafin kayan ma'aikata, a nemi izinin mai kula da kaya a rubuce kafin a taɓa shi. Gyaran da zai jawo wa ƙaramin ma'aikaci tuhuma ba gyara ba ne.

Girman katakon shi ma ana yawan kuskure a kansa, kullum ta wajen ƙanƙanta. Cikakken allon madannai mai ɓangaren lambobi a dama yana da faɗin santimita 44 zuwa 46. Idan aka yi durowa mai faɗin 50, madannai sun shiga amma linzami ya rasa wuri, sai a bar shi a saman tebur. Wannan ya fi komai muni, domin hannun dama zai wuni yana hawa yana sauka, yana miƙewa gaba da gefe, kafaɗar dama kuwa ita ce za ta biya. Linzami da madannai su zauna a bene ɗaya, kusa da juna. Faɗin 65 zuwa 70 shi ne daidai idan tsakanin ƙafafun tebur ya yarda. Zurfi kuma kada ya gaza 30, in da hali 35, domin madannai suna cin kusan 15, sauran kuma shi ne filin da hannu zai kwanta a tsakanin bugu da bugu, kamar yadda binciken Atlanta ya nuna amfaninsa. Filawud mai kaurin milimita 18 ya isa. Mai 15 zai yi idan an ɗaura masa ƙarfi ta baya, amma wanda bai kai haka ba zai riƙa rawa a ƙarƙashin yatsu. A goge bakin gaba da sanfefa har ya zama mulmulalle, a kafa ɗan siririn katako a bakin baya don kada madannai su zame su faɗa. Fuskar durowar ta kwanta daidai, ko ta ɗan sunkuya kaɗan ta wajen allo. Alan Hedge na jami'ar Cornell ya yi gwaje-gwaje a shekarun 1990 da suka nuna cewa wannan ɗan sunkuyon yana miƙar da tsintsiyar hannu. Ƴan ƙafafun nan biyu da ke bayan madannai, waɗanda kowa ke buɗewa da zarar ya fitar da su daga kwali, a naɗe su. Suna tilasta wa hannu ya lanƙwashe sama.

Yanzu sai abin da durowar za ta zame a kai, kuma a nan ne nake ganin bai kamata mu kwafi abin da ake yi a ƙasashe masu sanyi ido rufe ba. Ƙarafan durowa iri biyu ake samu a shagunan kayan gini na Yamai, musamman wajen kasuwar Katako. Akwai farare masu ƴar tayar roba, masu araha, waɗanda ba sa fitowa gaba ɗaya. Akwai kuma masu ƴan ƙwallayen ƙarfe a ciki, masu hawa uku, waɗanda ke fitar da durowa har ƙarshenta. Tsawonsu yana tafiya da biyar biyar, 30, 35, 40, 45, kuma kowane ɗaya yana cin kusan milimita 13 a gefe, saboda haka katakon zai gaza faɗin ramin da milimita 26. Masu ƙwallayen sun fi santsi da ƙarfi, babu musu. Amma an cika su da giris, kuma duk wanda ya yi hunturu a yankinmu na Dallol Bosso ya san abin da ƙura ke yi wa duk wani abu mai maiƙo. Iskar da ke tasowa daga arewa maso gabas tun Nuwamba har Fabrairu, da guguwar da ke gabatar ruwan farko, suna shigar da rairayi ta kowace kafa. Giris ya haɗu da rairayi ya zama abin nika ƙarfe. Wanda ya zaɓi irin waɗannan ya san ya ɗauki nauyin zare su lokaci lokaci, ya wanke da kananzir, ya sa ɗan mai kaɗan, ba ya ƙara sabon giris a kan tsoho ba.

Ga ofishin da ke nesa da kwalta, inda ƙarfe ɗaya idan ya lalace sai an jira mai zuwa Yamai ko ranar kasuwar Baleyara, ni na fi son tsohuwar hanya: katako a kan katako. A rataya kunnuwa biyu na katako mai tauri daga ƙarƙashin tebur, a kafa wa kowanne sirara biyu a ciki, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, katakon durowar ya riƙa gudu a tsakaninsu. A goga kyandir ko busasshen sabulu a hanyar. Ƙura ba ta manne wa kyandir kamar yadda take manne wa giris, tsumma ɗaya ya share ta. Ba ta da santsin ƙarfe, amma wannan ma alheri ne, domin durowar madannai ba a son ta riƙa guduwa ciki duk lokacin da aka danna harafi. Abu ɗaya za a kiyaye: katako yana shan danshi ya kumbura da damina, ya bushe ya tsuke da rani. Wanda ya yi aikin a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 kuma iska ba ta da ko ɗigon laima, ya bar sararin milimita 2 ko 3 a kowane gefe, in ba haka ba a watan Agusta durowar za ta cije. Tun bayan rufe iyakoki da ya biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023, kayan da ake shigowa da su sun ƙara tsada da wuyar samu, kuma katakon aikin kafinta kusan duka daga ƙasashen kudu yake zuwa. Abin da zai sauƙaƙa shi ne aikin ba ya cin katako da yawa. Ragowar wani aiki, ko ƙofar tsohon kabad da gara ba ta taɓa ba, ta wadatar. Ba dalili ba ne na sare gawo ko wani icen da dokar daji ta kare.

Kowace hanya aka bi, abu biyu ne ke kayar da aiki. Na farko rashin daidaiton kunnuwan nan biyu: tazarar da ke tsakaninsu a gaba dole ta zama daidai da ta baya, in ta sha bamban da milimita 2 kawai durowar za ta riƙa tsayawa a rabin hanya. Dabarar ita ce a haɗa komai a ƙasa tukuna, a kifar da teburin, a ɗora haɗaɗɗen aikin a kai, a yi alama, sannan a huda. Na biyu wurin kama saman tebur. Sukuru ya fi ƙusa a nan nesa, domin nauyin yana ja ne ƙasa, ƙusa kuwa a hankali take zarewa. A auna tsawonsa kada ya ɓullo ta sama ya yaga rajista. Teburan nan na kanti masu sheƙi, waɗanda aka yi da garin katako da aka matse da gam, ba sa riƙe sukuru. A irinsu gara a huda har sama a sa noti da washa, ko da kan notin zai bayyana. Ƙarafa masu kyau suna ɗaukar fiye da kilo 30, amma ba su ne ke karyewa ba. Ranar da wani dattijo ya zo karɓar takarda ya dafa durowar zai miƙe, ko yaro ya rataya a kanta, wurin da aka kafa ta ne zai tsage. A yi aikin da wannan ranar a zuci. A kuma daidaita ƙafafun teburin a kan daɓe kafin komai, domin tebur mai karkata durowarsa da kanta take fita ko ta shige. Ƙaramar sakata a gefe tana riƙe ta idan an jawo. Wayar madannai a bar mata rara, a ɗaure ta a jikin kunne ɗaya yadda ba za ta shiga hanya ba.

Akwai abin da mutane ba sa tunawa sai an gama. Da zarar an jawo durowa, mutum ya ja baya daga tebur da kusan santimita 30, allon kwamfutar kuma yana nan inda yake. Sai a fara leƙe da miƙa wuya. A jawo allon gaba har ya zama kamar tsawon hannu daga fuska, santimita 50 zuwa 70, samansa daidai da ido ko ƙasa kaɗan. Kujera mai hannuwa, irin ta roba da ta cika ko'ina, sau da yawa hannuwanta suna karo da bakin durowar su hana mutum matsowa, kujerar ƙarfe mai saƙar igiya kuma tana kwantar da mutum baya, ta hira ce ba ta aiki ba. Kujera mai miƙaƙƙen baya marar hannuwa ta fi. Mai babbar riga da mai hijabi su lura da gefen ƙarfe saboda maiƙo da kaifi. Mace mai juna biyu tana bukatar ƙarin wuri a gabanta, kuma idan mutum biyu ko uku ne ke karɓa-karɓa a na'ura ɗaya, a yi awon da mafi kaurin cinya a cikinsu, sauran su daidaita da matashi da matakin ƙafa.

Wanda bai iya bugu ba tare da kallon madannai ba, kuma su ne mafi yawa a cikinmu, durowar tana iya ƙara masa sunkuyo, tunda haruffan sun ƙara nisa da idonsa. Irin wannan ya tabbata durowarsa tana fitowa gaba ɗaya yadda bakin tebur ba zai rufe layin sama ba, kuma ya ba kansa makonni kaɗan ya koyi bugu da yatsu goma. Abin da ke dagula koyon shi ne cakuɗuwar madannai a kasuwanninmu: na tsarin Faransa masu farawa da AZERTY, da na tsarin Ingilishi masu farawa da QWERTY da ke shigowa ta Najeriya. Ofis ya tsaya a kan iri ɗaya.

Sai babbar tambaya, wadda za ta iya rushe duk abin da na faɗa ga wasu masu karatu. A wuraren da wutar kamfanin Nigelec ba ta kai ba, ko take zuwa tana ɗaukewa, kwamfutar tafi-da-gidanka ce ta fi yawa, domin tana da batirinta kuma faifan rana ɗaya ya ishe ta. Ita kuwa allonta da madannanta a haɗe suke. In ka sauke ta kan durowa hannu ya huta wuya ya wahala, in ka ɗaga ta wuya ya huta hannu ya wahala. Durowa ba ta da wani amfani gare ta sai an sayo madannai da linzami na dabam an jona, sannan a ɗora ita kwamfutar a kan wani abu mai tauri da zai ɗaga allonta zuwa ido, ba a kan tsumma ko matashi ba, don kada a toshe mata hanyar iska a wannan zafi namu. Mai buɗe na'ura na rabin awa a wuni ba ya bukatar duk wannan. Mai shigar da sunaye ɗari uku kafin ranar rufe rajistar jarrabawa yana bukata, kuma madannai na dabam suna da wata riba: su ne za su sha ƙura da ɗigon shayi, in sun mutu a canza su da kuɗi kaɗan, na jikin na'urar suna nan lafiya. Da an tashi aiki a tura durowar ciki, saman tebur ya zama rufinta.

Ba na son a ɗauka katako zai maye gurbin motsi. Zama mafi kyau ma idan ya daɗe yana gajiyar da jiki. A riƙa miƙewa bayan kowane rabin awa ko awa ɗaya, a saki hannuwa, a dubi nesa. Tashi zuwa alwala da salla yana taimakawa, amma tsakanin safe da azahar akwai nisa. Wanda kuma yatsunsa suka fara mutuwa, musamman babban yatsa da manuni da na tsakiya, ko zugi yake tashinsa da dare, ko abu yake suɓuce masa daga hannu, wannan ya wuce aikin kafinta, ya je a duba shi a asibitin gunduma.

Abin da nake fata ya fi ƙarfin tebur ɗaya. Cibiyoyin koyon sana'a da gwamnati ta buɗe a ƙananan hukumomi suna koyar da aikin katako da na ƙarfe, kuma wannan aiki ne da ya dace da ɗalibi: ƙarami ne, ba ya cin kaya, amma yana koyar da awo na milimita da kuma duban jikin wanda za a yi wa aiki. Shugaban ƙaramar hukuma ko na makaranta da ya ba su gyaran teburan ofishinsa ya sami aiki mai sauƙin kuɗi, yaran kuma sun sami abin da za su nuna. Masu rubuta takardar neman tallafin na'urori kuma su ƙara layi ɗaya a lissafinsu, na kujera da gyaran tebur, su kuma tambayi wanda zai zauna a wurin kafin su sa hannu. A Damana ko Shikal ko Bonkuku, sau da yawa mutum ɗaya ne tak ya iya aikin na'urar a ofis gaba ɗaya, kuma ranar da hannunsa ya hana shi aiki, masu jiran takarda ne za su koma ƙauyukansu su sake biyan kuɗin mota wani makon.